Faifan Inna

Daga Kanada, zuwa ga Inna Kadijatu a Tsamaye.

Assalamu alaikum. Inna, ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki? Yaya su Kalilu, an samu shiga gona bana?

Ni lafiya lau nike. Sanyi ne kawai, da cin abinci ni kaɗai, amma ana sabawa.

An ba ni shugabancin sashen yaran da firgici ya taɓa a asibitinmu. Kin tuna sadda Baba ya rasu na daina magana? Ba ki tambaye ni komai ba. Faifai kika aje mani da gero, kika ce, "Sadiya, taya ni tsince tsakuwa." Muna tsinta, har bakina ya buɗe da kansa. Dabararki na kawo nan, sai dai shinkafarsu ba ta da tsakuwa, ni ke zubawa da hannuna. Makon jiya wani yaro da ya gudo wa yaƙi ya faɗa mani sunan uwarsa, yana tsinta.

Kalilu ya ce ɗiyarsa Ihsan ba ta magana tun harin da aka kai garin Gatawa, har ana cewa aljannu ne. Don Allah kar a matsa mata. Ki zaunar da ita kusa da ke, ki ba ta faifan nan.

In Allah ya yarda za ni taho bayan kaka. Ki rage mani tsakuwa, Inna. Nan ni ke sauraron kowa, ni ma akwai abin da nike son faɗi.

Ɗiyarki,
Sadiya