Yayana Ya Gane Zakaranmu A Cikin Labarin Soyayyata

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani a kansa. Idan dariya ta zo miki ki yi abinki. Ba ke ce ta farko ba, layin ma yana da tsawo.

Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare, kuma ba ni da surutu. Idan aka yi baƙi a gidanmu, can wajen akurkin kaji ake samuna da littafin soyayya a hannu. Kajin na Kakata ne, Allah ya ji ƙanta. Irin na da ne, fingi, masu gashi a murɗe kamar an taje su ta baya. Ta ce ita ma a wurin tata kakar ta gaji irin. Ba sa saurin girma kamar na gidan gona, ƙwansu ƙanana ne, amma lokacin da ciwo ya share kajin layinmu su ko tari ba su yi ba. Tun da ta rasu suke ta raguwa. Yanzu saura mata biyu da zakara ɗaya da muke kira Ango, saboda yadda yake tafiya kamar kowa a gidan bikinsa ya zo.

To, Anti, ina rubuta labari. A wani zauren marubuta na intanet nake saka shi da sunan aro. Labarin wani jirgi ne da ya bar duniyarmu bayan ta lalace, ɗauke da ragowar mutane da ragowar irin tsirrai, suna neman wata duniyar. Na sha wahala a kansa. Kyaftin ɗin jirgin mace ce kurma, da hasken fitila take ba da umarni. Mai gyaran injin tsohuwa ce a keken guragu. Akwai aljani mai ciwon asma, akwai tagwaye da kowannensu da harshensa. Jarumar kuwa yarinya ce mai in'ina da ke kula da ɗakin iri. Kullum ina mafarkin wani ya karanta ya ce bai taɓa ganin irinsu a littafi ba.

Matsalar ta fara ne da na zo kan jarumin, wato yariman wata duniya da suka sauka a cikinta. Anti, ni ban taɓa kallon fuskar namiji ido cikin ido ba. Ko malaminmu na lissafi takalminsa kawai na sani, ruwan ƙasa ne. Na gwada irin abin da nake karantawa, dogo, mai faffaɗan ƙirji, mai sanyin murya, sai na ji kamar ina kwatanta firji. Ina zaune na rasa abin yi, sai ga Ango ya zo wucewa.

Wallahi ba da gangan ba ne. Na rubuta cewa yarima yana sanye da jan kambi wanda ya ɗan kwanta gefe guda. Na ce ba ya kallon ta kai tsaye, sai ya karkatar da kai ya dube ta da ido ɗaya. Na ce idan zai yi mata magana sai ya zagaye ta a hankali yana jan gefen alkyabbarsa a ƙasa. Wurin da ya fi sa ni hawaye shi ne inda ya ɗauki ɗan itace ya ajiye a gabanta, ya sake ɗauka ya ajiye, yana wani sauti ƙasa-ƙasa a maƙogwaro, bai ci ba sai da ta ci. Mutanen zauren suka yi ta yabo. Wata ma ta ce Allah ya ba ta miji irinsa.

Ashe Yayana yana cikin zauren. Mutumin da rabonsa da littafi tun da aka daina dukansa a kan karatu, sai ga shi ya zama babban mai nazari. Ya gane Ango tun daga kambin. Ya bi shi da waya ya ɗauki bidiyonsa yana zagaya kaza yana jan fiffike, ya ɗora kalmomina a ƙasa layi bayan layi, har da kiɗa mai taushi. A ƙarshe ya rubuta cewa ƙanwarsa ce marubuciyar, wai yana alfahari da ni. Na gode da alfaharin.

Yanzu Ango ya zama sitika a wayoyin mutane. 'Yan mata suna tura hotonsa su ce ko irin wannan ko su zauna a gidan ubansu. Maza suna ɗaukar kansu suna zagaya kujera da gefen riga a ƙasa. A makaranta, idan na shiga aji sai wani ya yi cara daga baya. Gwaggona ta kira Mama tana tambaya ko an yi mini addu'a. Kyaftin kurma da tsohuwa mai gyaran injin da na kwana biyu ina ƙera su kuwa, ko mutum ɗaya bai ambace su ba.

Ga abin da na yanke. Zan goge labarin duka, in kuma ce wa Mama a yanka Ango ranar hutun nan, dama ta daɗe tana cewa ya ishe ta da cara. Idan babu shi babu sabon bidiyo. Sai dai shi kaɗai ne namijin da ya rage a irin Kaka, kuma jiya da na kai musu tsaba na kasa kallonsa. Yanzu har zakara nake jin kunya. Anti, me zan yi?

Taki,
Mai Zaman Bakin Akurki

AMSA

'Yata, na yi dariya, ba zan ɓoye miki ba. Abin yana da ban dariya, kuma gara ki ji haka daga bakin mai ƙaunarki. Amma bari mu duba hukuncin da kika yanke. Yayanki ya yi laifi, mutanen intanet sun yi shewa, shi kuma zakaran da bai san ana yi ba shi zai shiga tukunya. Adalci ke nan, ma sha Allah.

Kada a taɓa Ango. Idan kika yanka shi, Yayanki zai samu bidiyo na biyu, na ta'aziyyar yarima, kuma wannan zai fi na farko tafiya. Dariyar intanet ba ta da dogon numfashi. Kwanan nan akuyar wani za ta hau babur, a manta da ke. Irin kajin Kakarki kuwa idan ya ƙare ya ƙare, babu kantin da za ki je ki sayo shi. Ki killace shi da matan nan biyu, kada zakaran maƙwabta ya shigo, ki bar musu ƙwai su kwanta a kai. Idan sun ƙyanƙyashe ki ɗebi kaɗan ki ba wani ɗan'uwa mai amana ya kiwata, saboda kada irin ya zauna a akurki ɗaya.

Game da Yayanki, barkwancin ba shi ne babban laifinsa ba. Laifinsa shi ne ya cire miki mayafin da kika rufa da shi, ya gaya wa duniya ke ce. Ki faɗa wa Mamanku wannan a fili, ba da kuka ba, ki nemi ya goge wurin da ya ambace ki, ya kuma ba ki haƙuri. Masu cara a aji, idan abin ya wuce wasa, ki kai wa malamar da kika fi sakewa da ita. Amma a yi masa adalci shi ma: ya karanta babin nan har ƙarshe, kuma ya kula da abin da sauran masu yabo ba su gani ba.

Yanzu labarin. Kin lura mutane sun so yariman nan kafin su san ko wane ne? Sun so shi ne domin shi kaɗai ne jarumin da marubuciyarsa ta zauna ta kalle shi da idonta. Masu faffaɗan ƙirji sun cika kasuwa, kowa daga littafin wani yake kwafo nasa. Ke kin kalli abu mai rai kin rubuta abin da yake yi. Wannan shi ne aikin. Kuma labarinki a wata duniya yake, wa ya ce mutanen can dole su yi kama da malamin lissafinku? Ki ba yarima kambin tsoka da gashi a murɗe a babi na gaba, ki sa ya zama haka al'ummarsu take. Waɗanda suka zo dariya, wasu za su tsaya su ga ƙarshe, a nan za su haɗu da kyaftin ɗinki.

Sai dai ba za ki ƙare rayuwa kina aron maza daga akurki ba. Ki fara ɗaga kai kina kallon mutane, ki fara da na gida inda babu kunya. Kowane jirgi yana buƙatar ɗan leƙen asiri mai baki ba linzami. Ki zuba wa Yayanki ido mako guda, yadda yake tauna, yadda yake dariyar abin da shi ya faɗa, ki rubuta shi daidai yadda yake. Kada ki sa suna. Tunda ya iya gane mutane a labari, zai gane.

Allah ya albarkaci alƙalaminki, ya yawaita miki 'yan tsaki, ya kuma ba ki sa'ar jarrabawa.