Gadin Ranar da Kwalekwale Ya Nutse

Yaya Isikeli,

Gaisuwa mai yawa daga Sydney. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, yatsuna ne kawai suka tsattsage da wankin bene cikin sanyi. Kada ka faɗa mata.

Duk ranar hutuna a gidan ajiye tsofaffin takardu nake wuni, kuma jiya na samo littafin masu gadin hasumiyar hangen jirage ta tsibirinmu. Ka san ranar da kwalekwale ya bugi dutse, mutum bakwai suka nutse, aka ce Kaka barci yake a bakin gadi bai busa ƙaho ba? Yaya, ba ya ma wurin! An aike shi kai wasiƙa. Apenisa ɗan mai gari ne ya sa hannu ya karɓi gadi. Apenisan nan mai zama sahun gaba a coci, mai ce mana, "Jikokin mai barci, kun farka?"

Yana kallo Kaka ya durƙusa gaban dangin mamatan, ya miƙa tabua, haƙorin babban kifin teku da ake neman gafara da shi, amma Apenisa ya ɓoye gaskiya.

Ma'aikaciyar wurin ta ga na ƙura wa shafin ido, ta ce, "Baiwar Allah, in kawo ruwa?" Na ce, "Kwafi goma za ki yi mini."

Ina tafe da Kirsimeti. Ka kula mini da tsohon nan Apenisa. Ko tari ya yi, kai shi asibiti. Da gwiwarsa zai durƙusa gaban kabarin Kaka, haƙori a hannu. Allah ya ja da ransa har in iso.

Ƙanwarka,
Merewalesi