Na Fari Za a Yi Mata

Garejin bakin tasha, Bici

Zuwa ga Yaya Saje Abdulkabir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a can dajin da waya ba ta shiga. Inna tana lafiya, Yaya Tahira ma haka. Gero ya fara fitar da kai.

Yaya, motar da ka saya a gwanjon sojoji ta iso, amma ba da ƙafarta ba, janyo ta aka yi. Wanda ya ce maka ɗan gyara kaɗan take so, Allah ya isa tsakaninka da shi. Na buɗe inji na tarar da gidan ɓera, har da 'ya'ya. Lagireto kamar rariya, ba ya riƙe ruwan inji. A taya shida, biyu ne ke riƙe iska. Tun da ta zo ban ci tuwo da hannu mai tsabta ba, 'yan gareji har sun sa mini suna Kwamanda.

Amma ta tashi. Na wanke famfon mai, na sauya nozul, na haɗa mata batir biyu. Ranar da ta yi tari ta kama, awakin tasha sai da suka tsinke igiya. Na cire bencinan da sojoji ke zama a baya, na yanke ƙugiyar jan kaya, kafinta ya ɗaga mata bodin katako yadda za ta riƙa ɗauko taki daga Kano zuwa gonaki, kamar yadda kake buri in ka ajiye aiki. Na sa mata sigina da madubai, don masu ba da lamba ba za su ko dube ta ba sai da su.

Saura fenti. Da muka kankare, fenti biyu muka tarar a jikinta, na fari kore, na biyu ruwan ƙasa da aka shafa a kansa. Ka faɗi abin da kake so, kada in yi gaban kaina ka dawo kana yi mini fareti a tsakar gida.

Ka huta lafiya. Allah ya tsare.

Ƙaninka,
Sama'ilu

*

Bakin aiki

Sama'ilu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni lafiya. A tsaye nake rubutu, direban da ke kawo mana abinci ya riga ya kunna mota.

Ka rage mita, aikinka ne. Ka duba birki sau biyu, motar nan in ta ɗauki taki ba ta san wasa ba. Kada ka ba kowa tuƙi. In za ka shiga da ita gari ka lura da burtali, ya yi mata kaɗan, kada ka taka wa Malam Hashimu gambar iyakarsa.

Fenti kuwa, na fari za a yi mata, ba shawara. Kada Inna ta gan ta sai an gama.

Ka gaishe ta, ka ce ta ci gaba da addu'a. Wassalam.

Saje Abdulkabir

*

Tudun Gamba, ta Kunci

Zuwa ga Yaya Abdulkabir,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka don Musulunci ya ce a yi gaisuwa, amma ka gafarce ni, yau ba ni da ladabin da zan aiko maka.

Kai da ƙaninka kun kayar da Inna. Ba zan zagaya ba.

Ranar Laraba da hantsi muna zaune a bakin zaure, tana gyara kuɓewa, sai muka ji ƙasa tana rawa. Yara suka ɓullo da gudu suna ihun ga motar soja, ga motar soja. Kafin mu miƙe ta cika burtali, koriya shar, sabon fenti yana ƙyalli, ta zo ta tsaya cak a ƙofar gidanmu. Shi gogan yana ciki yana danna oda, wai zai burge mu.

Yaya, ka san yadda aka kawo akwatin gawar Mudassir ɗan Malam Hashimu? Kai ba ka nan, mu muna nan. Irin wannan motar ce, irin wannan kalar, haka ta tsaya a ƙofar gidansu, kuma Inna ce ta riƙe uwarsa ranar. Tun daga lokacin ko babur mai koren tanki ya wuce sai ta bi shi da ido har ya ɓace.

Ta miƙe, faifan ya zube. Sai ta kira sunanka. Ka ji ni da kyau, sunanka ta kira, Abdulkabir, da ƙarfi, a gaban maza. Matar da tun da ta haife ka ba ta taɓa buɗe baki ta faɗe shi ba saboda kunyar ɗan fari, kullum sai dai "wancan" ko "mutumin daji". Ni da nake 'yarta ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar. Daga nan ta faɗi.

Mun kai ta asibiti a Bici. Sun ce jininta ne ya hau. Ɓarin dama ya shanye, baki ya ɗan karkace, amma tana magana, kuma maganar ce ta fi ciwon tayar mini da hankali. Ta ce ka rasu, muna ɓoye mata. Sama'ilu ya durƙusa ya rantse har yana kuka, ta dube shi ta ce, "Kai suka ba kayan nasa ka kawo?" Na ɗauko takardarka na karanta mata, ta ce ai Mudassir ma takardarsa ta iso bayan akwatinsa.

Mun dawo da ita gida. Ba ta cin abinci sai ruwan kunu, shi ma da faɗa. Sunanka kuwa yanzu ya zama tasbihi a bakinta, wai ba a jin kunyar wanda ya tafi.

Na tambayi wancan shashashan wa ya aike shi ya yi kore, ya ce kai ne. In gaskiya ne, to shekarun da ka yi kana sara wa manya ba su ƙara maka hankali ba. Ka nemi izini ka zo ta gan ka da idonta.

Allah ya tsare ka duk da haka.

Ƙanwarka,
Tahira

*

Bakin aiki

Sama'ilu,

Salamu alaikum, iyakar gaisuwar ke nan.

Ni na ce ka yi kore? Ni? Fari na ce. Farin nono, farin auduga, farin da makaho ma zai shaida. Don me kake tsammani na ce kada Inna ta gan ta sai an gama fenti? Don na san abin da kore yake a idonta. Ban kwana a gida ranar Mudassir ba, amma da na zo hutu ta kama rigata ta ce kada in bari a aiko mata da irin wannan mota. Na ɗauki alkawari. Na saya ne don in cire mata kayan soja, in tsaya da ita a ƙofar gida fara tas, in ce Inna ga shi na daina. Kai kuma ka mayar mata da kakinta, ka tuƙa har bakin zaure kana danna oda kamar ɗan kamasho.

Ko ba ka san zuciyar uwarka ba, ai ka san doka. Wane farar hula ka taɓa gani da koriyar mota irin ta soja an ba shi lamba? A shingen farko za a sauke ka. Shekara nawa kana cikin baƙin mai, wannan ma sai an koya maka?

Kanka kamar lagireton da ka ce, duk abin da aka zuba sai ya tsiyaye. Wallahi da kana ƙarƙashina da ka yi tsallen kwaɗo daga Bici har Kunci.

Na shigar da takardar neman izini. Kafin nan ka ɗauke motar daga inda idonta zai kai. In wani abu ya sami Inna, kada ka ƙara kira na yaya.

Abdulkabir

*

Garejin bakin tasha, Bici

Zuwa ga Yaya Saje,

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi. Ni zan cika tawa gaisuwar, ko ba komai a gida ɗaya aka yi mana tarbiyya. Ina fatan kana lafiya.

Na karanta zaginka, na ninke na ajiye. Laifi tudu ne, Yaya, ka taka naka kana hango nawa.

Me na rubuta maka? Na ce fenti biyu ne, na fari kore, na biyu ruwan ƙasa. Me ka amsa? Na fari za a yi mata, ba shawara. Na kai wa mai fenti ya karanta, na kai wa limamin tasha ya karanta, kowa kore ya fahimta. Takarda ba ta da murya. Farin nono, da farin da ke ƙone gero, da farin da ake ƙirge da shi, in aka rubuta duk kamarsu ɗaya. Kai ɗan fari ne, in na rubuta haka farin mutum nake nufi? Kai da kake kamar gindin tukunya? Da ka ƙara "fat" ko "tas", baƙaƙe uku kacal, da yanzu Inna tana tsakar gida tana yi wa kaji faɗa. Amma ina, Saje yana sauri, a tsaye yake rubutu.

Batun doka kuwa na sani sarai. Mai fenti ma ya ce anya, na ce masa mai motar soja ne, wataƙila yana da hanyar da ban sani ba. Kuma wa ya isa ya sake tambayarka? Ka ce ba shawara. Tun muna yara haka kake, ka faɗi magana rabi, in an tambaye ka ka zare ido. Yau ga inda zare idon ya kai mu.

Alkawarin da ka ce ka ɗaukar mata, wa ka faɗa wa? Ni dai ban ji ba. Odar da na danna kuwa, ita ce nake ji a kunnena ko ina salla, wannan ba sai ka tuna mini ba.

Kana can kana aiko da umarni a cikin ambulan. Ni nake ɗaga ta in an zo gyara shimfiɗa, ni take kallo kamar ɗan saƙon mutuwa. Jiya na miƙa mata kunu ta kawar da kai ta ce, "Ka faɗa mini inda aka binne shi, sai in sha." Ka gaya mini amsar da zan ba ta, tunda kai ne mai hankalin gidan.

Motar tana bayan makarantar allo, na lulluɓe ta da tamfol. Malam Hashimu bai yi maganar gambarsa da na taka ba, ya zo dubiya ya yi addu'a ya tafi, wannan ya fi mini zagi ciwo.

In ka ga dama ka daina amsa yaya, ni ba zan daina kira ba. Allah ya huci zuciyarka.

Sama'ilu

*

Bakin aiki

Tahira,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jinya, Allah ya ba da lada.

Ba a ba ni izini ba tukuna. An ce sai waɗanda za su canje mu sun iso, kuma ba wanda ya san ranar. Na hau dutsen da ake cewa waya tana kamawa a kansa, na tsaya har rana ta faɗi, ko layi ɗaya bai shigo ba. Na kusa jefa wayar cikin kwazazzabo.

Ki ce wa Sama'ilu ya kankare koren nan duka, ya yi mata fari fat, fari tas, farin nono, ya kai wa limamin nasa ya karanta. In an gama a fito da Inna ta gani. Ku ce mata ba a kawo kayan mamaci a farar mota, ku ce motar takin Abdulkabir ce, yana nan tafe zai tuƙa ta da kansa. In ta ga kalar ta sauya, hankalinta zai dawo.

Ki shafa mini ƙafarta. Wassalam.

Yayanki,
Abdulkabir

*

Tudun Gamba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna nan yadda ka bar mu.

An bi umarni. Sama'ilu ya kankare ta har yatsunsa suka fashe, an yi mata fari tas, an ba ta lamba. Jiya muka ɗauko Inna a kan tabarma muka ajiye ta a bakin zaure, na faɗa mata duk abin da ka ce, ban rage ko kalma ba.

Ta daɗe tana kallon motar. Sannan ta ce, "Allah ya yi muku albarka, kun yi masa sutura." Ta ce a ba ta kunu, ta shanye kofi guda, ta nemi ƙari.

Yanzu tana ci, tana barci. Ta sa an jiƙa shinkafa, ta aika wa Malam Hashimu ya tara mutane, ranar Juma'a ta sama za a yi sadakar arba'in ɗinka. Na hana, ta ce in ba zan soya ba za ta ja jiki ta soya da hannun hagu.

Kada ka ƙara aiko da takarda, ba mai karanta mata. In ka iso kafin Juma'a, ka ci waina da mu. In ba ka iso ba, za a ci ta da sunanka.

Ka huta lafiya.

Tahira