Taken Sarkin Noma a Teburin Mai Shayi

Malam Ashafa,

Don girman Allah ka taimake ni da shawara, abin da ke cina ya fi ƙarfin in faɗa wa wanda ya san fuskata. Sunayen da za ka gani na sauya su, amma sauran maganar duk haka take.

Ni mutumin Gazara ne ta ƙasar Makarfi. Mahaifina ya rasu ina goye, ƙanen mahaifiyata, Kawu Gambo, shi ya riƙe ni. Makaɗin noma ne. Da gangarsa ya ciyar da ni, da ita ya ɗinka mini wandon makaranta. Yanzu ina aiki a jami'a a Zariya, ina taimaka wa wani malami da ya yi karatu a Ingila. Bincikensa a kan sana'ar kiɗa ne ta fuskar ciniki, wato yadda makaɗa ke cin abinci, da abin da gidan rediyo ke ba su, da yadda kamfanonin faifai ke ɗaukar murya su buga su sayar. Shi yana koyar da ɗalibai, ni ina ɗaukar masa na'urar ɗaukar murya, ina rubuta abin da makaɗa suka faɗa, wani lokaci ma in tsaya gaban aji in yi bayani. Kullum maganarsa ita ce tunda mun sami mulkin kai, bai kamata makaɗi ya dawwama yana jiran damin dawa daga ubangida ɗaya ba, faifai zai kai shi inda ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Malam, maganar nan ta shige ni ƙwarai, don ni na san shekarun da damin ya makara.

Bara da kaka na je gida da na'urar don in ɗauki kiɗan Kawu. Ya yi murna kamar yaro, ya gasa ganga a rana, ya kaɗa mini duk abin da na nema, ban da abu ɗaya. Ka san kowane manomin kirki yana da takensa, kiɗan da shi kaɗai ake yi wa, wanda in ya ji dole ya amsa. Ubangidan Kawu shi ne Sarkin Noma Maiwada. Uban Kawu ya yi wa uban Maiwada kiɗa, su kuma tun suna samari suke tare. Da na roƙi taken Sarkin Noma, Kawu ya ce hannu ne kawai nasa, take na mai shi ne, ba ya bayar da abin da ba nasa ba. Na yi ta magiya. Na ce don karatu ne, na rantse masa ba zai wuce ɗakin aji ba. Ya dube ni, ya ɗauki makaɗin gangarsa, ya kaɗa.

Bayan wata biyu wani wakilin kamfanin faifai ya zo daga Ikko ya yi wa ɗalibanmu jawabi. Rawar kai ta ɗebe ni, na kunna masa abin da na ɗauko. Duk cikin kiɗe-kiɗen, taken nan ne ya sa shi ya gyara zama. Ya tambaya ko makaɗin ya yarda a buga, na ce kawuna ne, bakina bakinsa. Malamin namu bai san da wani sharaɗi ba, ni ban faɗa masa ba. A raina cewa nake zan kai wa Kawu faifai mai ɗauke da sunansa, ya ga amfanin yaron da ya sa a boko.

Faifai ya fito. Abin da ya biyo baya matar Kawu, Inna Kulu, ce ta ba ni labari, wasu kuma suka ƙarasa mini. Wani mai shayi a kasuwar Makarfi yana da garmaho, akwatin jin faifai, ya sayi faifan. Ranar kasuwa Sarkin Noma ya shigo, dattijo mai furfura, da rawaninsa da sandarsa. Sai ya ji takensa. Ya ɗauka Gambo ne ya biyo shi. Tsuma ta kama shi, ya ɗaga sanda ya fara kirari, yana ture mutane yana neman inda gangar take, har ya soma tuɓe babbar rigarsa zai yi kyauta kamar yadda ya saba. Da ya iso sai ya tarar da akwati a kan teburi, tsakanin kofuna da gwangwanin madara. Kasuwa ta kwashe da dariya. Ya tsaya da riga a hannu, babu wanda zai miƙa wa. Tun daga ranar, da an hango shi sai 'yan iska su ce wa mai shayi ya murɗa. Yanzu ya daina zuwa kasuwar, ɗansa yake aika.

Ya kira Kawu. An ce Kawu ya durƙusa, ya ce hannunsa ne ya kaɗa, bai ƙara komai ba. Kowa ya san na zo da na'ura, amma Kawu ya bar mutane a kan cewa shi ya aike ni in sayar. Sarkin Noma ya ce wanda ya sayar da shi ga mai shayi kada ya ƙara taka gonarsa. Ya riga ya aika garin Paki a nemo masa wani makaɗi don gayyar bana, sauran manoma kuwa inda ya sa ƙafa nan suke sawa.

Da Sallah na je gida ina jiran faɗa, wallahi ina ma fatan a yi mini. Kawu ya sa aka yanka mini zakara. Ya tambaye ni aiki, ya tambaye ni lafiyar malaminmu, ya sa mini albarka. Kuɗin da kamfani ya aiko na miƙa masa, ya ce in ba Inna Kulu ta ajiye, har yau ba a taɓa shi ba. Gangar tana rataye a zaure, fatar ta saki, gizo-gizo ya yi mata saƙa. Mutanen gari kuma suna gaishe ni da girmamawa, wai yaron kirki da aka aika ya je. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, amma ban amsa laifina ba, na hau mota na dawo.

Ga wani ƙarin tashin hankali. Malaminmu yana ta murna, yana so in kawo Kawu gaban ɗalibai a matsayin misalin makaɗin ƙauye da ya shiga kasuwar zamani. Damina kuma ta ƙarato, an gama sharar gona. In aka yi gayyar nan da ganga wadda ba ta Kawu ba, to shi ke nan, an raba shi da Sarkin Noma har abada. In na faɗi gaskiya ina tsoron aikina, ina kuma tsoron in mai da Kawu maƙaryaci a idon Sarkin Noma, tunda shi ya ɗauki laifin. In na yi shiru, da wane ido zan ƙara kallonsa? Na yi tunanin in rubuta wa Sarkin Noma takarda ba tare da Kawu ya sani ba. Me ka gani?

Naka cikin kunya,
Ɗan Riƙon Makaɗi, Zariya

Ɗan Riƙon Makaɗi,

Na karanta takardarka, kuma ba zan ƙara maka duka ba, wanda kake yi wa kanka ya isa. Kunyar da kake ji alama ce cewa Gambo bai yi riƙon banza ba. Sai dai kunyar da ke sa mutum ya hau mota ya gudu ba ta gyara komai.

Bari in fara da abin da ke gefenka. Malaminku bai yi ƙarya ba. Faifai ba abin ƙi ba ne, makaɗa da yawa za su ci abinci da shi, kuma niyyarka ta alheri ce. Da kiɗan gayya na kowa da kowa ka bayar, da izinin kawunka, da yau yabonka nake yi. Amma an ba ka amana da sharaɗi, ka rantse, ka karya. Shi ma Sarkin Noma kada ka ɗauka tsufa ne ko taurin kai. Mutum ya tuɓe rigarsa a tsakiyar kasuwa saboda ƙaunar makaɗinsa, aka yi masa dariya. Fushin nasa daidai yake da girman ƙaunar.

Maganar takarda, ka manta da ita. Dattijon da aka kunyata a bainar jama'a ba a ba shi haƙuri a cikin ambulan, balle ma sai an nemo mai karanta masa. Abin da ya fi muni shi ne kana shirin sake yanke hukunci a bayan idon kawunka, wai don alherinsa. Ai kuskuren farko ke nan ya sauya riga. Gambo za ka fara samu. Ka durƙusa ka faɗa masa da bakinka abin da ya riga ya sani, ka roƙi gafara, sannan ka nemi izininsa ka je wurin Sarkin Noma. Zai ce ka bari, ya wuce. Kada ka yarda da wuri, ka nuna masa wannan nauyi naka ne, ya bar ka ka ɗauki kayanka. Kuma ba za ka mai da shi maƙaryaci ba. Cewa ya yi hannunsa ne ya kaɗa, haka ɗin ne. Rufin asiri ya yi maka, Maiwada kuwa uba ne, ya san abin da ake yi don ɗa.

Daga nan ku nemi liman ko wani dattijo da Sarkin Noma ke jin nauyinsa, ya yi maka iso. Ka je da rana, zaure cike da mutane, don a gaban mutane aka yi masa dariya. Kada ka kai bayanin jami'a. Ka ce kai ka roƙa, kai ka rantse, kai ka bayar, Gambo bai sani ba. Ka roƙi dattijon da ya yi maka iso ya yi wa mai shayi magana ya ajiye faifan, ka kuma roƙi kamfanin kada su ƙara bugawa. Waɗanda suka riga suka bazu sun bazu, kada ka yi alkawarin abin da ba ka iyawa.

Malaminku kuma ka faɗa masa komai kafin ya aika a zo da kawunka. Mai bincike na gaskiya ba zai kore ka don ka kawo masa abin da bai sani ba, kuma ɗalibansa suna bukatar su ji cewa akwai kiɗan da ke da mai shi. In ma ya yi fushi, fushin ofis yana da magani.

Ba zan yi maka alkawarin Sarkin Noma zai huce ba. Mai yiwuwa ya huce, mai yiwuwa bana makaɗin Paki ya kaɗa. Amma ko yaya ta kasance, kada ruwan farko ya sauka Gambo yana ɗauke da laifinka. Ka nemi izini a ofis ka tafi wannan makon. Ka saya masa sabuwar fatar ganga ka riƙe a hannu, in ya so ya ɗaura, in ya so ya ajiye. Ya goya ka kana ƙarami, ga shi da furfura ya sake goya ka. Ya isa haka, sauko ka taka da ƙafarka.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran dattawan nan biyu, ya ba mu damina mai albarka.

Malam Ashafa