Gurbi Goma Ba Ya Ɗaukar Abdourahamane

Sabha, 4 ga Maris, 1981

Zuwa ga matata Zaituna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, raina ne kawai a ɓace.

Kin san aikina a kamfanin gonar nan. Ina rubuta wa babbar kwamfuta umarni da yarenta, COBOL, a huda a kati, ita kuma ta buga sunayen leburorin gonar da ke garin Samnu da za a sabunta wa iƙama, wato takardar zama. To, wanda ya tsara ta tun farko gurbin harafi goma kacal ya ba suna. Mutanen Nijar kuwa da rubutun Faransanci suke tafiya, Abdurrahman ɗinmu a wurinsu Abdourahamane ne, harafi goma sha uku. Sai gwanar ta datse sunan, ta ɗauka Abdourahamane Moumouni da Abdourahamane Hachimou mutum ɗaya ne, ta watsar da na biyun. Mutum bakwai ta cinye haka. Marar iƙama kuwa, 'yan sanda su jefa shi mota sai bakin iyaka.

Na nuna wa mudir, shugabanmu. Wai na'urar Turawa ba ta kuskure, kuma ba don in gyara ta aka ɗauko ni daga Kano ba, in sa hannu kawai. Wallahi ban sa ba, ba kuma zan sa ba.

Naki,
Muƙaddas

Sabha, 19 ga Maris, 1981

Zaituna,

Ina gaishe ki da kewa, ki gaida Inna da kyau.

Na aikata. Da rana tsaka, a gaban kowa, na zare katin da ya ce goma, na huda sabo mai talatin, na sa ta sake karantawa. Sunaye bakwai suka fito reras. Da ƙafata na kai takardar ofishin iƙama kafin mudir ya idar da sallar azahar.

Shida sun tsira. Hachimou kam na makara, tun ranar Talata aka kama shi a unguwar Jadid. Wannan yana cin raina, don kwana biyar na ɓata ina lallashin mudir.

Ya kore ni, ya sa an soke tawa iƙamar. Ina tafe ƙarshen wata. Ki faɗa wa mutanen gida, wanda zai zo ya zo mini barka da dawowa. Mai jaje ya zauna a gidansa.

Mijinki mai ƙaunarki,
Muƙaddas