Farar Tattabararka Ta Faɗa Gam

Zuwa ga Yaro,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana nan ma sai ka sha wuya, don rubutun wanda ya gudu daga aji huɗu ne. Ka ga ko a takarda na kasa rubuta sunanka, kunyar ɗan fari ba ta bi ka kabari ba.

Mutanen gida lafiya, sai ƙafar innarka. Amma farar tattabararka, mai zobe a ƙafa, ta faɗa gwangwanin gam ɗin da nake manna takalma. Na bar shi a buɗe a tsakar gida na shiga shan koko. Fiffikenta na dama ya manne da jikinta kamar an ɗinke.

Ka san mu dukawa da fetur muke wanke gam daga hannu. Har na ɗauko kwalbar, ƙanwarka Ummi ta fizge ta, ta buga wa likitan dabbobi waya. Ashe kashe ta zan yi. Ya ce man gyaɗa za a riƙa shafawa a hankali, a bi yadda gashin ya kwanta, ban da ja, ban da almakashi. In gam ya saki, sai sabulun wanke kwanuka da ruwan ɗumi, a kiyaye ido da hanci. Tun hantsi muke abu ɗaya. Ni da nake tsokanarka kullum cewa zan yi farfesu da tattabarunka, yau ga ni na shafe guda da mai, kuma ni ne mai roƙon kada ta mutu.

Gam ya fita saura kaɗan, amma man ya ƙi fita. Tana cikin kwali a naɗe da tsohon rawanina, tana rawar sanyi, ko gero ba ta kallo.

Ga inda na rasa dabara. Ƙwai biyu ne a tukunyarta. Namijin ya kwanta a kai har la'asar, ya tashi kamar ma'aikacin gwamnati, yana tsaye a bakin tukunya yana kiranta. Likita ya ce kada ta hau su da mai a jiki, za su lalace. To wa zai hau? Me kake yi in haka ta faru? Me ya sa ban taɓa tambayarka ba, alhali ina jin fitonka a kan soro kullum, ina jin daɗinsa, ina yi maka tsawa ka sauko?

Na sa ƙwan a cikin hulata na tura ƙarƙashin riga. Ummi ta ce ɗumin mutum ba zai isa ba. Na sani. Amma ubanka na nan zaune a kan tabarma yana kwanci, ko tari ba ya so ya yi, kuma ga magariba ta gabato.

Allah Ya kai haske kabarinka, Ya sa ka huta.

Ni ne,
Babanka, baduku.