Yana Amsa Gaisuwar Kowa, Sunana Ya Gagare Shi

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara, kaina ya ɗaure.

Shekara talatin da ɗaya muna tare da maigidana. Ba don yana mijina ba, Allah ya yi masa baiwar magana. A ma'aikatarsu shi ke rubuta wa manya jawabi, a Unguwar Dosa kuwa in rigima ta tashi shi ake kira, ya yi ta lallashi har masu faɗan su tashi suna dariya. Wata biyar ke nan hawan jini ya kayar da shi yana alwala. Hannun dama ya shanye, magana ta ɗauke.

Ga abin da ya hana ni sukuni. In 'yan dubiya suka zo, tsaf yake amsa gaisuwa: lafiya lau, ba gajiya, da sauƙi. Fatiha kuwa ko harafi ba ya tsallakewa, ranar da na fara ji sai da na yi hawaye. Amma in na tambaye shi abin da zai ci, sai leɓen ya yi ta rawa, ba abin da ke fita. Tun da ya faɗi bai kira sunana ba.

Yayansa, Alhaji Ɗanjuma, yana zuwa daga Mando duk Juma'a. Ya ce mai gaisawa haka ai ya warke, kai dattijo asibiti koyon magana kamar yaro wulaƙanci ne, a daina. Ya ƙara da cewa in binciki kaina, wataƙila ni ce ba ya son yi wa magana. Ni kuwa safiyar da abin ya faru mun ɗan yi sa-in-sa kan batun makarantar autarmu, na faɗi magana mai zafi. Kuma duk lokacin da kalma ta maƙale masa a gaban mutane, ni yake juyowa ya kafe da ido. Kallon nan yana cin raina, Anti. Fushi yake yi da ni? In daina kai shi?

Mai jinya, Unguwar Dosa

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Kada ki daina kai shi.

Ikon Allah a ƙwaƙwalwar ɗan Adam abin mamaki ne. A yawancin mutane ɓangaren hagu ne ke zaɓo kalma, ya jera ta, ya miƙa wa harshe, kuma shi ke juya hannun dama, shi ya sa suka tafi tare. Gaisuwa da Fatiha kuwa an maimaita su sau dubbai, sun zama kamar hanyar gida da ƙafa ke bi ba sai an yi tunani ba, don haka sukan tsira. Suna, ko na wanda aka fi ƙauna, sai an je an ɗauko shi, kuma wajen ɗaukowar ne ya ji rauni.

Alhaji Ɗanjuma mutuncin ƙaninsa yake karewa, kuma gaisuwar minti goma kawai yake gani, dole ya ruɗu. Amma hukuncinsa kuskure ne. Kada ki yi jayayya da shi, ki roƙe shi ya raka ku asibiti ya ji daga bakin likita. A gida ki riƙa yi wa Malam gajerun tambayoyi na i ko a'a, ki ba shi lokaci, ban da ɗaga murya, domin yawancin masu wannan lalura suna fahimtar abin da ake faɗa. Ba zan yi miki alkawarin duk maganar za ta dawo ba, amma nacin koyo yana dawo da abu mai yawa.

Hawan jini shekaru yake yi yana taruwa, ba faɗan safiya ɗaya ba ne ya haife shi. In maganar na damun ki, riƙe hannunsa na hagu ki nemi gafara, zai amsa miki da kai.

Sai batun kallon. Ki sake karanta wasiƙarki. Falo cike da mutane, ko da yayansa na zaune, amma da kalma ta ɓace masa ke yake juyowa ya nema, domin ke kaɗai ya yarda kin san abin da yake son faɗa.

Allah ya ba Malam lafiya, ya sa ki ji sunanki a bakinsa.